Bangon Ɗakin Mama

"Wai Mama, wannan maƙwabcin naku lafiyarsa kuwa?" in ji surukarta, tana yanka albasa ba ta ko ɗago kai ba. "Tun safe yake buga mana bango. Ranar Kirsimeti ma ba za a bar mutum ya huta ba."

Mama ta tsaya cak da ludayi a hannu.

"Sau nawa ya buga?"

"Wa ya ƙirga? Uku-uku dai yake yi, ya huta, ya sake. Kuna coci a lokacin. Sai da Babba ya ɗauki takalmi ya rama masa, sannan muka samu lafiya."

Mama ba ta san inda ta yar da ludayin ba. Ta bi ta falo da gudu, ta ture jikokin da ke rawa gaban talabijin, ta fita ba takalmi.

Mai Agogo ake ce wa maƙwabcin. Shekara talatin yana gyaran agogo a bakin titinsu, har ciwo ya shanye masa ɓarin jiki ya tafi da rabin muryarsa. Ba mata, ba ɗa. Bango ɗaya ne tsakanin gadonsa da na Mama, shi ya sa suka yi yarjejeniya: in yana son ruwa ya buga da cokali sau ɗaya, in abu ya yi tsanani ya buga sau uku. Shekara biyu ke nan bai taɓa buga uku ba.

Jiya da 'ya'yanta suka iso daga garuruwan da suke aiki, Babba, babban ɗanta, ya leƙa ɗakuna ya ce nata ya fi iska, matarsa ba ta jure zafi. Mama ta kwashe zannuwanta ta koma ɗakin Auta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta yi wa Babba bayanin bangon. Yana kan waya, ya ɗaga mata hannu ya ce, "To, to, Mama." Ba ta nanata ba. Sau ɗaya suke zuwa a shekara, kuma ta daɗe da koyon haɗiye magana don kada a ce mata baɗi aiki ya yi yawa.

Mabuɗin Mai Agogo na ɗaure a bakin zanenta. Ta kwance shi ta buɗe ƙofarsa.

Yana ƙasa, a matse tsakanin gado da bango, kansa a karkace. Kofin ruwa ya kife kusa da shi. Agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba suna ta tafiya a kan kantar ɗakin. Mama ta durƙusa ta ɗora kansa a cinyarta.

"Ga ni, Mai Agogo. Na zo. Ni ce."

Ya buɗe ido ɗaya. Leɓensa ya motsa.

"Kin... daɗe."

"Na daɗe," ta ce. "Na daɗe."

Ta ƙwala wa 'yarta ta biyu kira, wadda suke ce wa Nas don tana aikin jinya a babban gari. Nas ta shigo da sabuwar riga, kanta rabi a kitse. Ta kama wuyan hannunsa, ta duba idonsa, ta ce a kawo mota. Kafin Babba ya gano inda ya ajiye mabuɗin motar, Nas ta saki hannun a hankali ta ja zane ta rufe masa fuska.

"Da an zo da safe fa?" Mama ta tambaye ta.

Nas ta sunkuyar da kai. "Ban sani ba, Mama. Wataƙila."

Babba na tsaye a ƙofa, ya cika ta da faɗinsa, ƙamshin turarensa ya danne warin magani.

"Allah ya ji ƙansa," ya ce. "Kwanansa ne ya ƙare. Mama, ki taso. Yara na jiran abinci, mai hoto kuma ƙarfe biyu zai zo. In an gama sai a sanar da mutane."

Mama ta sauke kan mamacin bisa matashi. Ta miƙe da ƙyar, tana dafa gado.

"Da wane takalmi ka buga?"

"Mama?"

"Na ce da wane takalmi? Sabon ko tsohon?"

"Haba Mama, ina na san abin da yake nufi? Na zaci kiɗa ne ya dame shi."

"Na gaya maka! A bakin ƙofar ɗakina na tsaya kamar mai neman aiki a ofishinka, ka ɗaga mini hannu. Mutumin nan shi ya ɗauke ka a kafaɗa zuwa asibiti ranar da ka faɗo daga kan mangwaro, lokacin ubanka ya yi tafiya. Yau ya kira, ka amsa masa da takalmi."

"To ke me ya hana ki leƙa shi da safe?"

Auta, da ta shigo a bayansa, ta ce, "Yaya!"

Maganar ta sami Mama a inda take ciwo. Kullum da ƙarfe bakwai take kai masa shayi. Yau ta ce bari ta gama fige kaji, bari ta goge wa jikoki kaya, in an taso daga coci ta kai masa da nama.

"Ku kuka hana ni," ta ce. "Ni kuma na yarda, laifina ke nan. Ina ta rawar jiki kada shinkafa ta caɓe, kada matarka ta ɓata rai, kada ka duba agogo ka ce za ku kama hanya. Kuna zuwa gidana kamar masauki. Ba wanda ya taɓa tambaya wa ke buɗe mini kwalbar magani in yatsuna sun ƙi. Shi ne, da hannunsa ɗaya!"

"In haka ne, Mama, baɗi sai mu zauna inda muke."

Abin da ta shekara goma tana tsoron ji ke nan. Ta jira ta ji ƙirjinta ya faɗi. Bai faɗi ba.

"Ku zauna," ta ce. "Amma kafin ka tafi, fitar mini da akwatunanka daga ɗakina. Auta, je ki kashe wannan kiɗan. Ki ce wa mai hoto ya koma. Ki bi gida-gida ki faɗa."

Babba ya buɗe baki. Nas ta ce, ba ta ko kalle shi ba, "Yaya, don Allah ka yi shiru haka nan."

Kiɗan ya mutu. Mama ta ɗebo ruwa a roba ta goge ƙasan ɗakin, ta gyara shimfiɗa, ta buɗe taga. Sannan ta fito ta zauna a dakalin ƙofa, ƙafafunta duk ƙura. Mai shago ya fara zuwa, sai matar direba da goyonta, sai tsofaffi biyu daga ƙarshen layi. Ba wurin zama, suka jingina da bango.

Can sai ga Babba ya fito daga gidansu, ya tuɓe babbar rigarsa, yana ɗauke da kujerun falo biyu, ɗaya a kowane hannu. Ya ajiye su gaban tsofaffin, ya koma ya ɗauko wasu. Mama ba ta juya ba. Ta bar ƙofar Mai Agogo a buɗe a bayanta, labulen yana shiga yana fita.