Makarar da Aka Ƙara wa Tsawo

Yatsun ƙafar Eshonkul amaki, wato baffa Eshonkul, sun leƙo daga ƙasan bargo, duk da ƙyallen da matarsa ta ƙara wa bargon ta gindi. Su ne abin da Nafosat ta fara gani da ta shigo da jakar allurarta. Sai kuma ta ga Elyor, kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon kwando ta Laylak, durƙushe a gefen shimfiɗa da tef ɗin awo na tela a hannu, fuskarsa kamar ta wanda aka tilasta wa sata.

"Ja shi har diddige," in ji tsohon. "Kada ka yi mini ragi, ba a kasuwa muke ba."

"Ustoz, don Allah ka bar maganar nan."

"Nawa ka samu?"

Elyor ya faɗa can ƙasan maƙogwaro.

"To ka ji. Makarar masallacinmu ba ta kai haka ba, na auna ta da ido ranar da muka raka mai aski. Ni dai ba za a ratsa garin Namangan da ni ƙafafuna a waje kamar karas a bakin buhu ba."

Matarsa Holida hola, wato inna Holida, ta shigo da butar shayi, ta dangwarar a kan tire. "Kin ji shi ko, 'yata? Likita ya ce ya rage magana, shi kuwa awon makara yake yi."

"Wa zai auna mini in ban auna ba? Ke da tun aurenmu ko bargo kin kasa auna mini?"

Nafosat ta sunkuyar da kai tana fasa kwalbar allura don kada a ga dariyarta. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da wannan. A kantin magani take aiki, kuma tun da asibiti suka ce a kai tsohon gida ya huta, maganar da kowa ya san fassararta, ita ke zuwa safe da yamma tana yi masa allura. Ba ta cika magana ba. Shi ya sa ma mutane ke mantawa tana ɗaki, su faɗi abin da ke ransu.

Ba wanda ke kiransa Eshonkul a bayan idonsa. Terak ake ce masa, sunan siririyar bishiyar nan mai tsayi da ake jerawa a bakin magudanar ruwa. Ya buga wa Laylak ƙwallon kwando har gwiwoyinsa suka ƙi, sannan ya horar da ita har zuciyarsa ta ƙi. Laylak kuwa shamuwa ke nan, kuma a garin da jariri ke fara harbin ƙwallon ƙafa tun yana ciki, sunan ya zama abin tsokana. Duk kaka, in 'yan wasan suka wuce ta gaban gidan shayi, sai wani ya ɗaga murya: "Kai, dogaye! Sauran shamuwa sun yi ƙaura, ku me kuke jira?"

A saman ƙofar gidansa akwai zoben ƙarfe da raga. Babu yaron da ya tashi a unguwar, mace ko namiji, da Terak bai taɓa sa hannu a hammatarsa ya ɗaga shi sama ya jefa ƙwallo a zoben nan ba. Nafosat tana tuna nata ranar. Ƙwallon ma ta manta ko ya shiga. Abin da ba ta manta ba shi ne ta hango rufin gidaje, da barkonon da aka shanya a kai, da mahaifiyarta 'yar ƙarama a tsakar gida.

"Kobil ya sa kwaɗo a ɗakin wasa, ko?" tsohon ya tambaya, yana naɗe hannun riga.

Elyor ya dubi Holida hola. Ita ta dubi butar shayi.

"Kada ku kalli juna. Takalminka duk ƙurar filin makaranta ne. A can kuke atisaye?"

"A can, ustoz. Ya ce ciyawar roba zai shimfiɗa, ya riƙa ba 'yan ƙwallon ƙafa haya. Sun ma fara ɓamɓare katakon ƙasa daga kusurwa ɗaya." Elyor ya naɗe tef ɗin a yatsa. "Hukumar gasa kuma ta ce ƙungiyar da ba ta da ɗakin wasa kafin ƙarshen wata, ba a sa ta bana. In ba mu shiga bana ba, yara za su watse. Biyu har sun fara tambayar kuɗin jirgin Rasha, su tafi neman aiki."

"Kobil ɗan Zulfiya mai gurasa," in ji tsohon, yana kallon rufi. "Duk yaran da na ɗaga babu mai nauyinsa. Sai da bayana ya yi ƙara."

"Ka ba mu izini kawai mu fasa kwaɗon."

"Ba ma fasa kwaɗo, kuma ba ma roƙo. Ka je wajen ma'aikatan nan ka karɓo mini katako biyu cikin waɗanda suka ɓamɓare. Ka zaɓo masu jan layi. Ka kai wa kafinta ya ƙara wa makara. Tunda sun ce na shara ne, ni ina so."

Kwana biyu bayan haka Kobil da kansa ya shigo kantin magani neman ƙwayar hawan jini. Gajere ne mai faɗi, da mayafin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta gari a wuya duk da rana ba ta gama yin sanyi ba. Shi ya sayi tsohuwar masaƙar siliki, ɗakin wasan kuma a cikin harabarta yake.

"Ke ce 'yar maƙwabcin Terak, ko? Yaya jikin nasa?"

"Da sauƙi, Kobil aka," ta ce, tana kiransa yadda ake kiran yaya.

"Allah ya ƙara sauƙi. Na san ana zagina a unguwarku. To a faɗa mini, wa ke zuwa kallon dogayen nan? Iyayensu mata, sai wanda ruwan sama ya koro. Wutar lantarkin ɗakin ma ni ke biya. Ni ba mugu ba ne, ƙanwata, gari ne ya zaɓi abin da yake so."

Nafosat ta sa maganin a leda. Irin wannan lokaci amsa ba ta zo mata sai ta koma gida tana wanke-wanke. Amma yau sai ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Ya yi maganarka shekaranjiya."

"Zagi?"

"A'a. Cewa ya yi duk yaran da ya ɗaga, kai ka fi nauyi."

Kobil ya fashe da dariya har mayafinsa ya zame. Sai dariyar ta tsaya a tsakiya. Ya gyara mayafin, ya ɗauki ledarsa ya fita, bai kuma zo duba tsohon ba.

Ranar Asabar da hantsi Terak ya ce a buɗe masa taga. Yara biyu suna buga ƙwallo a ƙasan zoben ƙofa, dum, dum, dum, sai ƙarar ƙarfe in sun kuskure.

"Na biyun nan da tafin hannu yake bugawa," ya ce, idonsa a rufe. "Ki ce masa da yatsu."

"Zan faɗa masa, amaki."

Ta je ta leƙa ta faɗa. Da ta dawo, Holida hola tana zaune a gefensa, ta riƙe babban hannunsa cikin nata biyu, tana motsa leɓe. Ba ta yi kuka ba tukuna. Ta dai miƙa hannu ta ja bargon ƙasa ta rufe yatsun ƙafar, kafaɗunsa suka fito.

Liman ya ce jana'iza sai bayan La'asar. Dattawan unguwa suka tsaya a zaure cikin dogayen rigunansu na auduga da ɗamarar makoki, suna shawara. Ranar wasan ƙwallon ƙafa ce, rabin gari zai cika babban titi zuwa filin wasa. Shugaban unguwa ya ce gara a bi ta lungun bayan kasuwa.

"Ta babban titi," in ji Holida hola daga bayan labule. "Mutumin nan duk rayuwarsa ƙofofi kaɗai ya sunkuya wa. Ba za ku bi lungu da shi ba."

Mata ba sa raka gawa. Da aka gama salla, Nafosat ta zame daga cikin masu kuka ta hau rufin gidansu, ta tsaya tsakanin fayafayan inabin da mahaifiyarta ta shanya. Daga nan ana ganin layinsu har inda ya faɗa babban titi.

'Yan wasan Laylak shida suka sa kafaɗa suka miƙe, makarar ta tashi sama har ta kusa gogar zoben ƙofa. An lulluɓe ta da koren mayafi, amma mayafin irin na kowa ne, bai kai ƙarshe ba. Ta wajen ƙafafu katakai biyu masu ruwan zuma suka fito fili, jan layi ya ratsa su.

Nan aka ga matsala. Duk namijin da ya ga makara, dole ya sa kafaɗa ya yi 'yan taku da ita kafin ya ba wani wuri. Haka aka saba, ko direban bas ne sai ya tsaya ya sauko. Mutanen unguwa suka matso ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kai kafaɗa sai ya ji iska. Makarar tana can sama da hulunansu.

"Kai, yara, ku rage tsawo mana!" in ji shugaban unguwa. "Mu ma muna son ladan nan."

Elyor bai rusuna ba. Hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Ku ɗaga hannu, amaki."

Tsohon ya dube shi, ya dubi makarar. Sai ya miƙa sandarsa ga na kusa, ya ɗaga hannu biyu sama ya tallafi katakon da tafukansa. Na bayansa ya yi haka. Kafin su kai ƙarshen layi, duk mazan unguwar tafe suke hannuwa a sama.

Daga babban titi ana jin ganguna da ƙahon roba. Nafosat ta ga tutoci suna kwarara kamar ruwa a magudana. Makarar ta fito bakin titi. Gangar farko ta yi shiru, sannan ta biyu. Shirun ya bi taron yana tafiya har inda idonta ya tsaya.

Wani saurayi mai fenti a kumatu ya jefar da tutarsa ya rugo, ya kai kafaɗa, ya ji wayam, ya ɗaga hannu. Sai wani, sai wasu goma. Ta gane da yawa a cikinsu: mai gyaran waya, ɗan mai nama, tagwayen gidan malamin lissafi, har da mai bakin nan na gidan shayi da ke tambayar yaushe shamuwa za ta yi ƙaura. Duk ta san inda aka taɓa riƙe su aka ɗaga. 'Yan Laylak suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya suna ba da wuri, amma makarar ba ta sauko ko kamu ɗaya ba. Tana tafe a kan yatsun mutane, sama da tutoci, sama da rufin motoci, yadda ko daga ƙarshen titi ana ganinta.

Wata farar mota da cunkoso ya tare ta buɗe, Kobil ya fito. Ya kutsa har ya iso ta wajen ƙafafu. Ya ɗaga hannu, bai kai ba. Ya yi ɗage, bai kai ba. Sai da ya yi ɗan tsalle sannan yatsunsa suka kama bakin katakon da aka ƙara. Nafosat ta ga ya ɗaga kai ya kalli abin da ya riƙe, ya daɗe yana kallo. Ya yi takun da al'ada ta ce, bai saki ba. Wani ya taɓa kafaɗarsa don ya karɓe shi, ya girgiza kai. Haka ya tafi a kan yatsun ƙafa, riga ta zazzago daga wando, mayafi ya faɗi an tattake, har makarar ta sha kwana ta ɓace bayan bishiyoyi.

An ce ranar an fara wasa kujeru rabi babu kowa. Nafosat ba ta sani ba. Ita dai ta sauko daga rufi ta tarar da Holida hola ta fara kukanta, ta zauna kusa da ita ta faɗa mata abin da ta gani tun daga farko, ba ta tsallake komai ba. Ba ta taɓa yin magana mai tsawon wannan ba.

Washegari da sassafe ta fito da tsintsiya da bokiti, ta share ƙofar gidansu ta haɗa da ta maƙwabta, kafin masu ta'aziyya su zo su zauna a bencina. Tana yayyafa ruwa ta ji takun mutum. Kobil ne, a ƙafa, ba mota, yana ɗan ɗingishi. Ya tsaya a ƙasan zoben ya ɗaga kai. Ya sa hannu a aljihu ya fito da mabuɗin kwaɗon ɗakin wasa ɗaure da igiya.

Ya jefa sama. Mabuɗin ya bugi ƙarfe ya faɗo cikin laimar da ta yayyafa. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka, ya goge a wando. Wannan karon ya ja da baya kaɗan, ya riƙe shi da yatsu, ya sake jefawa. Igiyar ta sarƙe a raga.

Sai a lokacin ya lura da ita. Ya dafa ƙirji da hannun dama, ya ɗan rusuna, ya juya ya bi layi.

Nafosat ta tsaya da bokiti a hannu. Mabuɗin yana ta lilo a can sama, inda sai dogo zai iya kai hannu.