Ranar da Jif Ta Yi wa Sammani Kaɗan

Duk wanda ya san Kura ya san Alhaji Sammani mai tumatir. Shi ne mutumin da gingimari ta kife da shi a hanyar Legas, kwanduna suka danne shi, aka zaro shi jajawur, ba a gane jini ba a gane tumatir. Direba bai tashi ba, shi ya tashi. Gwiwar dama kawai ya rasa: aka sa mata ƙarfe, ƙafar ta miƙe sambal, ba ta ƙara lanƙwasuwa ba. Ranar da ya baro asibiti ya rantse a gaban jama'a cewa ba wanda zai sake ɗaukarsa sai masu makara. Kuma ya riƙe rantsuwar nan. Da sandarsa yake tsallake magudanar ruwa, in zai je kasuwar Bunkure kuwa a bayan a-kori-kura yake zama, ƙafa miƙe cikin kwanduna.

Shekarar da tumatir ya yi daraja, babban ɗansa Taufiq ya ce zaman bayan mota ya ishe su, zai saya wa Baba ta kansa. Sammani ya ce jif, ba wata ba. Kafin mota ta zo, ba majalisar da ba ta ji labarinta ba.

Wata Alhamis da hantsi Baballe dillalin motoci ya iso daga Kano da guda biyu: baƙar jif mai tsayi kamar rumbu, da wata ƙaramar bas ta iyali mai ƙofar zugewa. Unguwa ta taru.

"Wannan ta kwasar 'yan Islamiyya wa ya ce a kawo?" in ji Sammani.

"Don a gwada ne, Baba," in ji Taufiq.

Sammani ya nufi jif, ya kama ƙarfen saman ƙofa, ya ɗaga kansa da ƙarfin damtse ya zauna a gaba. Kujera laushi kamar ta gidan gwamna. Sai dai ƙafar tana waje. Baballe ya tura kujerar ta yi baya har ƙarshe, diddige ya tokare, ƙafar ta ƙi shiga. Aka koma kujerar baya. Ya shiga da baya da baya, ya shimfiɗe ƙafar a kan mazauni kamar majinyaci, duk da haka tafin ya leƙo, ƙofa ta ƙi rufuwa.

Ya dubi rufi, ya dubi gefe. Motar da daga waje ta kai ɗaki guda.

"Baballe, ina girman ya tafi?"

"Taya da inji sun cinye shi, Alhaji."

Iliyasu, abokin wasansa tun na yarinta, ya leƙo ta taga. "A sare tafin mana, tunda ba aikin da yake yi."

Aka yi dariya, amma ta mutu da Sammani ya zo sauka. Ƙafar lafiyar ta yi lilo, ba ta kai ƙasa ba. Sanda ta suɓuce ta faɗi ƙarƙashin mota. Ga shi rabi ciki rabi waje. Taufiq ya matso ya tara hannu biyu.

"Baba, bari in..."

"Kar ka taɓa ni."

Ba wanda ya ƙara matsowa, don kowa ya san rantsuwar. Gumi ya jiƙa masa hula. Can idonsa ya kai kan buhunan taki a bakin zaure. Ya ce a jawo ɗaya. Aka ajiye masa a ƙasa, ya zamo a hankali ya dira a kai, ya tsaya da ƙafarsa.

Bai ce a buɗe bas ɗin ba. Taufiq ne ya zuge ƙofar, ya kife kujerar tsakiya. Daɓen motar ko gwiwa bai kai ba. Sammani ya zauna a bakin ƙofa, ya ja jiki ya hau kujerar baya, ya miƙe ƙafar. Ta tafi sambal ba ta taɓa komai ba, har da ragowar wurin sanda da buta. Ya fito, ya koma, ya sake fitowa, ba wanda ya miƙo hannu. Ya daɗe yana kallon bas ɗin, baki buɗe.

"Gaskiya guda, Alhaji," in ji Baballe, "da damina ba za ta bi hanyar gonarka ba. Cikinta a ƙasa yake."

"Da damina ka ga ina noman rani?"

Washegari a ƙofar masallacin Juma'a ya sauko da kansa daga ƙaramar bas. Iliyasu ya tare shi.

"Alhaji, ina jif ɗin da aka cika mana kunne?"

Sammani ya gyara babbar riga, ya dogara sanda.

"Ai kana wurin. Na shiga ta gaba, na shiga ta baya. Ta yi mini kaɗan."