Goro a Dokin Ƙofa

Saura sati uku bikin Assana katafila ta shigo tsohon Zongon Lomé. Sati uku, jama'a! Uwarta Mariyatu ta riga ta sayi huhun goro, rana kuma kowa ya san ta, Lahadin farko bayan Sallar Layya. Hukuma ta ce tana son wurin. Ƙasa ce mai jam'iyya ɗaya, wa za ka kai wa ƙara? Aka kwashi wasu aka zube su a Togblékopé, can arewa da gari, bakin fadama. Saura suka watse, wani Adidogomé, wani Kodjoviakopé, wani ya tsallaka Ghana ko sallama babu.

To, mutumin Zongo yana da hali. Ko ya san ranar biki, ko shi ya yanka wa amarya ragon suna, in goron gayyata bai taka ƙofarsa ba, wallahi ba zai zo ba. Ga goro a hannun Mariyatu, ƙofofin ne babu.

Ita kuwa ba ta da kowa a Lomé sai Alassani, ƙanen marigayi mijinta, direban tasi. Zongo ne danginta. Ga gwaggon ango Mamadou kuma, wata mai baki daga Sokodé, ta daɗe tana yaɗa cewa ɗansu ya ɗauko yarinya marar dangi. In ranar biki ta zo tabarmi suka zauna wayam, shi ke nan an tabbatar mata, Assana za ta shiga gidan miji da wannan gori har tsufanta. Wannan tsoro ya hana Mariyatu cin abinci.

Shawara dai ta sha ta. Rahamatu, ƙawarta da suke kwana rumfa ɗaya a sabon filin, ita ce shugabar masu ba da ita.

"Uwar Assana, ki buga kati irin na ma'aikata mana."

"In kai wa wa? Katin ya san hanya ne?"

"To a faɗa a rediyo."

"Rediyon da ba ya gama yabon manya? Kuma Hajiya Kulsum ce za ta zo biki don akwati ya kira ta? Haba Rahamatu!"

"To ki ɗaga ranar."

"In ɗaga, matar nan ta Sokodé ta yi guɗa? Gara in mutu."

Ta ɗora kwandon goro a ka ta shiga gari da ƙafa. Kwana shida tana yawo, tana tambayar mahauta, tana tsayar da duk mai hula. Gida goma sha ɗaya ta samu, cikin fiye da ɗari. Ƙafa ta kumbura, goro ya fara yaushi duk da ruwan da take yayyafa masa.

Ran na bakwai, da rana tsaka, ƙafarta ta kai ta tsohuwar unguwa ba da niyya ba. Ba gini ko ɗaya, sai tarin bulo da guntayen kwano. Amma dokin ƙofa na siminti, wanda ake tsallakewa a shiga gida, katafila ba ta damu da shi ba, kusan kowane yana nan. Ta ga kuma alamar mutane na dawowa tsintar bulo, don ga shi an jera a wasu wuraren.

Ta tsaya a inda gidan Hajiya Kulsum yake da. Sai ta ji bakinta ya ce, "Salamu alaikum." Kuka ya ƙwace mata. Ta durƙusa ta ƙunshe goro biyu a ganye, fari da ja, ta ɗaure da zare ƙulli biyu, yadda mijinta mai sayar da goro yake yi duk Zongo ta san shi da shi. Ta ajiye a dokin ƙofar ta danne da dutse. Haka ta bi layi layi, tana sallama tana ajiyewa, har kwando ya ƙare. Wani soja da ke gadi ya dube ta ya kaɗa kai, ya ɗauka mahaukaciya ce.

Rahamatu ma da ta ji, salati ta yi. "Kin ciyar da awaki, baiwar Allah."

Lahadin biki ta zo. Tun hantsi tukwanen wake da shinkafa suka sauka, aka shimfiɗa tabarmi a Togblékopé. Dangin ango suka iso mota biyu, suka zauna. Na amarya fa? Mutum tara, har da Rahamatu. Ko liman babu. Alassani ya tayar da tasi ya tafi Djidjolé ɗauko shi.

Gwaggon ango ta gyara mayafi ta ce, yadda kowa zai ji, "Ikon Allah. Abincin nan duk mu kaɗai za mu ci?"

Mariyatu ta shige bayan rumfa. Assana na zaune da lalle a ƙafa, ta ɗago ta ce, "Mma, ba wanda ya zo, ko?" Uwar ta kau da kai. Ta so ƙasa ta tsage ta shige.

Sai ga tasi a guje, hon ba ƙaƙƙautawa. Alassani ya diro ko ƙofa bai rufe ba.

"Yaya! Yaya, ku taso! Liman ba ya gida, aka ce tun safe ya tafi biki. Suna can!"

"Can ina?"

"Gidanki mana! Kin kai goro, kin faɗa musu inda kika koma ne?"

Ai kuwa ba ta faɗa ba. Ko kusa abin bai zo mata a rai ba.

Aka loda tukwane, aka loda amarya da dangin ango. Tun daga titi Mariyatu ta hango fararen riguna da ɗaurin ɗankwali iri iri, mutum ya fi ɗari uku. An share kufan gidanta tas, an jera bulo an zauna a kai, liman daidai inda zauren mijinta yake. Sojan nan ma ya matsa gefe yana kallo.

Hajiya Kulsum ta taso da sanda tana faɗa. "Mariyatu, wane irin rashin ta-ido ne wannan? Tun safe kin shanya mu a rana! A ƙofata na tsinci goronki, ina kike so in je in ba ƙofarki ba?"

Gwaggon ango ta dubi taron ta ce a hankali, "Duk waɗannan su wane ne?"

"Dangin amarya ne," in ji Rahamatu, ta ɗaga murya yadda za a ji har titi.

Aka ɗaura aure. Da aka zo fitar da amarya, ba bango hagu ba bango dama, ta ko'ina mutum zai iya wucewa. Tsofaffin mata suka ce atafau. Suka riƙo hannun Assana suka zagayo da ita, ta ce bismillah, ta tsallake dokin ƙofar gidan ubanta da ƙafar dama. Mariyatu ta zauna a kan simintin tana kuka, ba wanda ya hana ta.