Ganyen da Ya Ƙi Gasuwa

Nanang Dorotea ta rasu ranar Litinin da hantsi, a ƙarƙashin rumfa, tana cikin jera ganyen taba a jikin sanda. 'Yarta Idad na zaune kusa da ita tana miƙo mata ganye. Ta miƙa, ba a karɓa ba. Da ta ɗago kai sai ta ga tsohuwar ta jingina da ginshiƙi, allura na hannunta, nadin tabarta na bakinta yana ta hayaƙi. Haka take shan taba tun tana budurwa, kamar sauran tsofaffin matan yankin Ilokos na ƙasar Filifin, gefen da ke cin wuta ne a cikin baki. Idad ta sa yatsu ta zaro shi, ya ƙone ta.

Taba ba ruwanta da makoki. Washegari maƙwabta suka zo suka rataye sandunan a ɗakin gashin taba, suka liƙe ƙofa da laka, suka hura wuta a murhun da ke waje. Sandar ƙarshe, wadda Nanang ta bari rabi, Idad da kanta ta hau ta rataye ta a tsakiya, saman bututun wuta, inda zafi ya fi yawa. Ba za ta ɓace mata ba, domin Nanang kaɗai ke ɗaure ganye da jan zare.

Da wannan ɗakin Nanang ta koya mata abin da ake kira Furgatoriyo, inda Katolika suka ce ana tsarkake matattu kafin su shiga Aljanna, tun tana ƙarama. "Kin ga ganyen nan? Na kirki ne, shi ya sa ba a zubar da shi ba. Amma ɗanye ne, ba mai karɓarsa a haka. Sai an kulle shi a zafi har ruwan jikinsa ya fita, ya koma kamar zinariya. Mu ma haka za a yi mana. Mu da ke waje aikinmu mu kula da su, kada su daɗe."

A watannin baya kuwa kusan kullum sai ta maimaita mata magana ɗaya. "Kwana tara na addu'a, Idad. Kada ki tsallake ko ɗaya, in an tsallake sai an koma farko. Ni na san abin da za a gasa mini. Abin da na yi wa Gorio ne."

Gorio shi ne yayan Idad. Shekara goma sha biyu ke nan da ya tafi Manila, ya bar Katolika, ya shiga cocin masu cewa an sake haifarsu. Tun ranar da ya aiko da labarin, Nanang ba ta ƙara ambaton sunansa a gaban mutane ba. Wasiƙunsa a murhun ɗakin gashi take jefa su ba tare da ta buɗe ba.

Ya iso ranar Laraba, ana shirin fita da gawa. Ya ɗauki akwatin tare da maza, bai yi kuka ba. Da la'asar matan unguwa suka taru suka yi addu'ar kwana na uku, shi kuma ya fita ya zauna a gindin mangwaro har suka gama.

Ran Alhamis ne ya tare ƙofa.

Apo Simang ce a gaba, tsohuwar da ke jagorantar addu'ar matattu a ƙauyen, da carbinta da ɗan littafinta da ya sha hannu har ya yi baƙi. Mata shida na biye da ita.

"Apo, ku yi haƙuri, na gode da zuwanku, amma yau ba za a yi ba," in ji Gorio.

Tsohuwar ta dube shi daga sama har ƙasa. "Wa nake gani? Gorio mai jiƙa tabarma? Ni na yanke maka cibiya. Matsa in wuce, rana na dukana."

"Apo, wurin nan da kuke cewa tana ciki, babu shi. Ga Littafi Mai Tsarki, ki nuna mini inda aka rubuta shi, ni da kaina zan shimfiɗa muku tabarma."

"Wanne? Wannan naka da ya rame? Kun cire masa littattafai bakwai, sannan ku zo kuna cewa a nuna muku. Ɗauko na uwarka ka ji nauyi."

Matan suka ƙyalƙyale da dariya. Gorio bai yi ba.

"Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu, kwana nawa aka yi masa addu'a? A ranar ya shiga Firdausi. Jinin Yesu ya isa, Apo. Ba ya bukatar a ƙara masa da wainar shinkafar da kuke rabawa."

"Ɓarawon nan a kan gungume yake rataye, ƙusa a hannu. Ai ya sha nasa gashin tun a nan. Kai da ƙaton cikinka, me ka sha?"

"In mutum ya mutu an gama. Ko can ko can. Babu zauren jira."

"To ku da ba ku da zauren jira, da ƙurar ƙafarku kuke faɗa wa Ubangiji ɗaki?"

Aka sake dariya, amma Gorio bai gusa ba. Shi ne babba, gidan kuma yanzu nasa ne. Apo Simang ta leƙa ta bayan kafaɗarsa ta nemi idon Idad. Idad ta sunkuyar da kai. Ita ba ta taɓa iya magana a gaban mutum uku ba, balle bakwai. Tana ji matan suka juya, takalmansu na jan ƙasa.

Bayan sun tafi Gorio ya shiga ɗaki. A gaban hoton Nanang akwai farantin da ake ajiye wa mamaci: dunƙulen shinkafa mai danƙo, dafaffen ƙwai, nadin taba ɗaya, da kofin ruwa. Ya ɗaga kofin ya duba.

"Wa ya sha?"

"Ba kowa, Manong," in ji Idad a hankali, da sunan da ake kiran yaya a yarensu. "Kullum da safe nake cika shi. Kafin la'asar ya ragu da yatsa biyu. Sun ce ƙishirwa ake ji a can."

"Watan Afrilu ne, Ading, ƙanwata. Rijiya ma raguwa take yi."

"Na rufe shi da faranti tun jiya."

Ya watsar da ruwan ta taga, ya kife kofin.

Ran Juma'a da tsakar rana Idad na zaune gaban murhu tana tura itace. Lokacin ne mafi wuya a gashi, ganye ya yi rawaya, ana ɗaga zafi a hankali don launin ya kama. Ta gwada yin addu'ar ita kaɗai, amma farkonta kawai ta iya, sauran doguwar a bakin Apo Simang take. Ban da haka ma, jiya ta riga ta wuce ba a yi ba.

Babu iska. Kaji sun yi lamo a inuwa, bakinsu a buɗe. Gonakin taba sun yi fari da rana har zuwa bakin dutse, ba mutum ko ɗaya. A cikin wannan shirun ta ji shi.

Tsss.

Ta san ƙaran. Shi ne wanda ake ji in wutar taba ta taɓa yawu a bakin Nanang. Ta leƙa murhu ko ɗanyen itace ne ke kuka. Itacen busasshe ne, ita ta zaɓe shi. Ta kara kunnenta a bangon, zafinsa na cin kumatunta. Can ciki, wajen tsakiya, aka sake yi. Tsss. Aka ɗan dakata kamar mai jan numfashi, aka sake.

A haka Gorio ya same ta, ya kawo mata shinkafa da kifi a kwano.

"Me kike saurare?"

"Nanang ce."

"Idad."

"Ka sa kunne, Manong."

Ya ajiye kwanon. "Kwana huɗu ba ki yi barcin kirki ba. Matan nan sun cika miki kai. Nanang ba ta cikin wata wuta tana jiran ku fitar da ita."

Idad ba ta san ayoyi ba, ba ta kuma yi niyyar gardama ba. Tambaya ce kawai ta zo mata, ta yi ta tana kallon ƙasa.

"To ina take?"

Ta ci gaba, kanta a ƙasa.

"Ka ce ko can ko can. Kai ka rubuto cewa masu durƙusa wa gumaka ba za su shiga Aljanna ba. Wannan wasiƙar ta farko ta karanta ta. Har ta mutu tana durƙusawa. Kuma ta mutu ba ta yafe maka ba, ba ta nemi ka yafe mata ba. In babu tsakiya, ina ka sa ta?"

Fuskarsa ta canza. Sai ya juya fuu ya nufi ƙofar ɗakin gashin.

"Zo ki gani da idonki. Ganye ne kawai a ciki."

"Manong, kada ka buɗe! Launi bai kama ba!"

Ko yaron ƙauyen ya san ba a buɗe wannan ƙofa a rana irin ta yau, domin in sanyin waje ya bugi ganye yana tsakiyar gumi, baƙi zai yi. Amma shekara goma sha biyu a birni sun mantar da Gorio. Ya sa kafaɗa, lakar ta tsage, ƙofar ta buɗe. Zafi ya fito ya daki Idad har inda take tsaye. Ya zura kai da rabin jikinsa cikin duhun.

Ta ƙirga numfashinta har biyar bai motsa ba. Sannan ya ja da baya, ya rufe ƙofar da hannu biyu, ya jingina da ita. Gumi na zuba daga haɓarsa.

"Me ka gani?"

"Ganye."

"Me ka ji?"

"Kawo laka a liƙe," in ji shi. Muryarsa ta dushe. Suka kwaɓa laka suka liƙe tare. Da suka gama ya shanye ruwan gorarta duka, ya nemi ƙari.

Daga ranar bai ƙara zancen ayoyi ba, amma bai ce a kira matan ba. Yakan zauna gindin mangwaro da Littafinsa a buɗe a cinya, Idad kuwa ta lura shafin ba ya juyawa. Ita ma ba ta roƙe shi ba. Tana tura itace, tana jin ƙaran yana zuwa yana ɗaukewa, kullum da tsakar rana.

Ran Litinin aka kashe wuta, aka bar ɗakin ya huce. Ran Talata da safe, wadda da ita ce kwana na tara, su biyu suka shiga sauke taba. Idad ta fara duba sandunan bakin ƙofa. Biyu sun yi dabbare-dabbare, sauran lafiya. Gorio na sama yana miƙo mata, sanda bayan sanda, duk sun yi ruwan zinariya, suna ƙaras-ƙaras a hannu. Taba mai kyau irin wadda Nanang za ta yi alfahari da ita.

Sai ya daina miƙowa.

"Ading. Wannan fa?"

Sandar jan zare ce. Ya sauko da ita da kansa, suka fito da ita haske. Ganyen kore shar, a miƙe, da danƙonsa, kamar yanzu aka tsinko shi daga gona. Kwana shida a saman bututun wuta. Na damarta da na hagunta sun bushe har suna karyewa. Idad ta taɓa ɗaya, sanyi ƙalau, ruwa ya biyo yatsanta.

"Laifina ne," in ji Gorio. "Ni na buɗe ƙofa."

"A tsakiya take, Manong. Iska ba ta kai nan ba."

"Na ce laifina ne."

Ta dube shi. Wannan karon ba ta sunkuyar da kai ba, shi ne ya kau da ido.

Ya daɗe riƙe da sandar, yana shafa ƙullin jan zaren da babban yatsa. Can ya ce, "Ban yarda da wurin nan ba, Idad. Na duba, na sake dubawa, ban gan shi ba. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"Na sani."

"Ba zan durƙusa tare da ku ba."

"To."

Ya koma cikin ɗakin gashin da sandar. Ta ji shi yana hawa, yana rataye ta a inda ya ciro ta. Ya fito ya ja ƙofa, ya fara kwaɓa laka.

"Sanda ɗaya za ka hura wa wuta?" in ji Idad. "Mutane za su ce ka haukace."

"Su ce. Kwana nawa ake yi in an koma farko?"

"Taba kwana shida."

"Ba taba nake tambaya ba."

"Tara."

"Itacen nan ba zai kai ba, sai na saro wani." Ya durƙusa gaban murhu yana jera ƙirare, bai ɗago ba. "Je ki kira Apo Simang. Ki ce mata ta zo da bakinta duka, na shirya."

Idad ta bi ta cikin gida don ta ɗauki mayafi. A gaban hoton Nanang ta tsaya. Kofin da aka kife yana zaune daidai, an rufe shi da faranti. Ita ba ta taɓa shi ba tun ran Alhamis. Ta ɗaga farantin. An cika shi da ruwa, ya kuma ragu da yatsa biyu.

Ta leƙa ta taga. Hayaƙin farko ya fara fita ta saman ɗakin gashi, Gorio kuma ya bar murhun, ya kara kunnensa a bango. Ta cika kofin har baki, ta mayar da farantin, ta fita da sauri, don gidan Apo Simang da ɗan nisa, kuma addu'ar da la'asar ake fara ta.