Fedar da Mas'ud Ya Zaɓa

A wani biki a garin Bakura ne abin ya fito fili. Mas'ud na zaune bayan gangunan jaz, mata sun cika fili suna rawa, sai kiɗa ya kai inda babbar ganga take bugu biyu a jere, dum-dum. Na farko ya fito, na biyu ya maƙale. Sau uku ana haka. Wata tsohuwa ta tsaya cak, ta riƙe ƙugu, ta ce, "Wanga yaro kiɗi shikai ko gyangyaɗi?" Fili ya ɗauki dariya.

Ita babbar gangar jaz da ƙafa ake buga ta. Akwai feda a gindinta mai sanda a kai, ka taka, sandar ta doki fata, ka ɗaga, ta dawo. Fedar da suke da ita ta tsufa, sifirin ɗinta, ƙarfen da ke dawo da ita, ya tsinke tun bara, da robar tayar babur aka ɗaure ta.

Murtala, mai kayan kiɗan, ya bari sai da suka dawo Talata Mafara.

"Ko kai ne, ko fedar ce," in ji shi. "Tafi shagon Mu'awiya ka zaɓi wadda ranka ya so, na yi magana da shi. Ran Asabar muna da biki a Faru. In ƙafarka ta sake makara, Ɗanasabe za ya hau kujerar nan."

Mas'ud ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Ɗanasabe! Mutumin da ya tashi yana yi wa mahauta kalangu a bakin mayanka, har yau in ya matso kusa da kai ƙarnin nama kake ji. Shi kuwa Mas'ud wata bakwai ya yi a Gusau yana koyon jaz, ya san sunan kowace ganga da Turanci. A ganinsa ɗora Ɗanasabe a kujerar nan daidai yake da ɗaura wa jaki sirdin doki.

Washegari da hantsi ya sa takalminsa sau-ciki, ya nufi shagon. Mu'awiya na sayar da tsoffin lasifikoki da wayoyi, da duk wani tarkacen biki da aka kwaso daga kudu. Bayan sun gaisa, an tambayi gida da gajiya da mutanen Bakura, ya jawo feda uku daga ƙarƙashin tebur. Ɗaya ta karye a wuya, ba a ma yi maganarta ba. Ɗaya baƙa ce siririya, fentinta ya goge daidai inda ƙafa ke zama. Ta ukun kuwa fara ce sol tana ƙyalli, ga sarƙa biyu, ga faɗi kamar faranti.

Babu ganga a shagon, sai Mu'awiya ya jingina kwali a bango. Mas'ud ya taka farar. Kwalin ya ce bum, har ƙura ta tashi.

"Ka ji maza," in ji Mu'awiya.

Ƙarar ce ta fito da Taiba, yayar Mas'ud, wadda shagon ɗinkinta ke jikin na Mu'awiya. Shekara goma sha ɗaya tana taka keken ɗinki. Ta tsaya a bakin ƙofa da tef ɗin awo a wuya, ta ce, "Auta, mi kaka fasawa?"

"Aikinmu ne, Yaya. Ba naku ba."

Ba ta kula shi ba. Ta tuɓe silifas, ta jawo benci, ta ɗora ƙafa a kan farar. Ta taka sau biyu da sauri, ta yamutsa fuska. Ta koma kan baƙar, ta taka, ta taka, kwalin na amsawa tap-tap, tap-tap, ba ƙarfi sosai.

"Ɗauki wagga," ta ce. "Waccan in ta tafi sai ta gaisa da mutane kafin ta dawo. Wagga kuwa kafin in ɗaga ƙafa ta biyo ni. Ko keke in za ka saye, dawowar feda aka dubawa."

Mas'ud ya dubi Mu'awiya, ya yi dariya. "Ka ji tela na koya mini kiɗi. Yaya, ganga ce fa, ba zanen atamfa ba. Wanga ƙwarangwal ɗin, in na kai shi gaban jama'a ai sai a ce daga bola na tsinto."

"To, ƙafarka ce," in ji Taiba. Ta zura silifas ɗinta ta koma.

Bai taka baƙar ba, ko sau ɗaya. Farar ma bugu ɗaya-ɗaya ya yi ta yi mata, yana jin daɗin yadda kwalin ke girgiza. Ya sa aka naɗe masa ita a jarida.

Ran Asabar bayan la'asar aka kafa kaya a Faru, ƙarƙashin wata tsamiya. Yara da manya suka kewaye fedar suna kallo, Mas'ud na goge ta da hankici yana cewa a matsa, ba abin taɓawa ba ne. Ɗanasabe na gefe da kalangunsa a hammata, ya ce, "Allah shi sa alheri, ta yi kyau." Mas'ud ya ci gaba da goge fedarsa.

Waƙar farko mai sanyi ce, fedar ta yi abin kirki. Kowane bugu sai ka ji shi a ƙirji. Mas'ud ya ɗaga kai yana duban mutanen ƙauye ɗaya bayan ɗaya.

Sai dangin amarya suka shigo fili, suka ce a ba su mai zafi. Murtala ya ɗaga hannu, kiɗa ya ƙara wuta. Aka zo wurin bugu biyu. Mas'ud ya taka, dum, ya sake takawa, sai ya ji fedar ba ta taso ba tukuna, ƙafarsa ta danna abin da yake a danne. Ya gwada ɗaga ƙafar sama sosai don ya ba ta lokaci, sai bugun ya zo a makare. Ya cire takalmi. Ya koma takawa da yatsu. Sharaɓarsa ta ɗaure kamar an zuba mata siminti, gumi na shiga masa ido. Matan suka fara duban juna, rawar ta rikice, wata ta tafa hannu ta ce, "A'a, ku ba mu kiɗi ko ku ba mu wuri!"

Murtala ya zo ya dafa kafaɗarsa. "Tashi."

"Ranka shi daɗe, ƙasar ce ba daidai ba, rairayi ne—"

"Tashi, Mas'ud."

Ɗanasabe ya aje kalangu, ya durƙusa gaban fedar. Ya danna ta da hannu, ya saki, ya tsaya yana kallon yadda take tasowa a hankali. Ya lalubi wani noti a gindin sifirin, ya yi ta murɗawa har ya ƙi motsi. Mas'ud bai taɓa lura da notin ba. Ɗanasabe ya zauna, ya ce bismillah. Nauyin fedar na nan, ana ganin yadda yake cije leɓe, amma bugu na biyu ya fito. Matan suka yi guɗa, suka koma fili.

Mas'ud ya ɗauki takalminsa, ya ratsa bayan taro har bakin hanya, ya sami ɗan kabu-kabu zaune a kan babur.

"Mafara," ya ce. "Mutanen nan ba su san kiɗi ba. Ko garwa ka buga musu rawa za su yi."

"Haka ne," in ji ɗan kabu-kabun. Bai ta da babur ɗin ba. Kansa na karkace wajen tsamiya, ƙafarsa na taka birki tana saki. "Ɗan dakata, maigida, su ƙare wagga."