Famfon da Aka Ce Ya Mutu

Mu uku ne, kuma idan aka haɗa shekarunmu sun haura ɗari biyu. Ni tela ne, har yanzu ina taɓa ɗinki idan ido ya yarda. Akwai Direba, wanda ya shekara talatin yana jan motar asibiti. Sai Mai-Famfo, abokinmu tun muna yara, wanda ya ƙare ƙarfinsa wajen kafa famfon tuƙa-tuƙa a ƙauyuka.

Shi ya jawo mana tafiyar. Wata safiya ya faɗo shagona, ko zama bai yi ba, ya ce famfon farko da ya kafa da hannunsa, a wani ƙauye can bayan duwatsu, wata biyar ke nan ba ya ba da ruwa. Ma'aikata sun je sun duba, sun ce rijiyar ta ƙafe, ranar Asabar za su cire kan famfon su kai wani wuri. Idan suka cire, matan ƙauyen sun koma tafiyar awa biyu zuwa rafi ke nan.

"Rijiyar nan ba ta ƙafe ba," in ji shi. "Ni na san inda na sami ruwan."

"To me za ka yi?" Sai da na maimaita sau biyu kafin ya ji.

Nan gizo yake saƙar. Kunnen Mai-Famfo ya tafi, kowa ya sani, ba mai faɗa. Shi kuwa da kunne ya yi suna. Guntun ƙarfe gare shi, tsawon kamu biyu, yakan ɗora bakinsa a jikin bututu, ya kara ɗaya bakin a kunne, ya gaya maka ciwon famfo tun ba a kwance ƙusa ko ɗaya ba. Yanzu idan ka ce masa bai ji ka ba, sai ya ce kai ne kake magana ciki-ciki.

Ruwan sama ya yanke hanyar mota, don haka kekuna muka hau. 'Yata ta riƙe baki ta ce, "Baba, kai da hawa bene sai ka huta sau biyu?" Na ce mata maginin benen ne bai iya gini ba. Direba kuwa tun daga ƙofar gida yake mita, wai mutum kamarsa a mayar da shi kan keke. Amma ko a tsakiyar daji, inda ba kowa sai awaki, sai ya miƙa hannu ya ba da alama kafin ya sha kwana.

Kwana biyu muka yi a hanya. Mun tura kekuna a kan dutse har gwiwoyina suka fara kuka. Mun haye wani rafi da ruwa iya ƙirji, kekuna a ka, Mai-Famfo yana gaba da jakar kayan aiki ɗaure a wuya, yana ta ba mu umarnin da ba wanda ya tambaye shi. Na faɗi sau uku, na huɗun ban ƙirga ba tunda ba wanda ya gani.

Ranar Alhamis da hantsi muka isa. Shugabar matan ƙauyen ce ta tarbe mu, doguwar mace mai kaifin ido. Ta dubi furfurarmu, ta dubi kekunan.

"Sannunku da zuwa, Baba. Amma gaskiya masu na'ura ma sun zo sun tafi. Zare bututun nan sai maza goma, yini guda, ga shi kowa yana gona. Ba zan kira su su bar noma a kan wataƙila ba."

Ban ga laifinta ba. Mai-Famfo ya ciro ƙarfensa, ya ɗora a bututu, ya kara a kunne, ya ce Direba ya tuƙa. Direba ya tuƙa har ya yi gumi. Mai-Famfo ya sauya kunne. Ya sake sauyawa. Na dubi fuskarsa na gane ba ya jin komai, kuma ya san na gane. Tausayinsa ya kama ni, har na fara neman ƙaryar da zan yi mu bar wurin da mutuncinmu.

Sai na ga ya goge bakin ƙarfen da rigarsa, ya sa a baki, ya cije shi da turamen haƙoran da suka rage masa. Ya ɗora ɗaya bakin a bututu, ya runtse ido. Matan da suka taru suka tuntsire da dariya, wata ta ce yunwa ce ta kama tsohon. Bai ji su ba, kuma ranar na gode wa Allah da bai ji ba.

Can ya ɗaga hannu, Direba ya tsaya. Mai-Famfo ya daɗe a haka kafin ya cire ƙarfen, ya dubi shugabar.

"Ruwa yana hawa, yana komawa. Robar da ke can ƙasan bututu ce ta cinye, ba ta riƙe shi. Zo, 'yata, ciji ki ji."

Shugabar ta yi turus. Sannan ta goge ƙarfen da gefen zanenta, ta cija. Direba ya tuƙa ya saki. Na ga idonta ya buɗe.

"Wallahi yana zurarewa! A cikin kaina nake jin sa!" Ta juya ga matan. "Me kuke jira? Ku je ku kirawo mazanku."

Washegari aka zare bututu goma sha biyu, ɗaya bayan ɗaya, ana jera su a kan itace don kada su taɓa ƙasa. Ukun ƙarshe a jiƙe suka fito. Robar da ta hana gari guda ruwa ba ta kai tafin hannu ba, ta tsage gida biyu. Sabuwar da muka kawo cikin jakar kayan aiki ta ɗan yi faɗi, sai ga ranar tela: na zaro almakashina na rage ta daidai. Wannan yankan ya fi mini duk rigunan da na taɓa ɗinkawa.

Da la'asar aka gama mayarwa. Shugabar ce ta kama hannun famfon. Tuƙi na ashirin da wani abu, ruwa ya tsarto, ja da farko, sannan ya washe. Wurin ya kaure da ihu, ana ta rige-rigen tura bokiti. Direba ya juya baya wai ƙura ce ta shiga idonsa, a ƙasar da take jiƙe sharkaf. Ni dai ban ɓoye ba, ƙirjina ya cika da alfahari da tsohon nan.

Shi kuwa yana tsaye, hannunsa a ƙarƙashin ruwan, yana kallon bakunan mutane. Ya jawo ni kusa.

"Tela, ihu suke yi?"

"Kamar su fasa gari," na faɗa da ƙarfi a kunnensa.

"Ba na ji. Na daɗe ba na ji."

"Mun sani, tsoho."

Ya gyaɗa kai, bai janye hannunsa daga ruwan ba.

"To ka tsaya nan kusa da ni. Duk abin da suka ce, ka faɗa mini, kada ka rage ko ɗaya."