Shaho a Falo

Auta ta shimfiɗa kwalin wasan da ta ƙirƙira a kan teburin falo, ta ɗora kofi a kusurwar da ke ta lanƙwashewa. Ta zana akurki a tsakiya, murafan kwalba kuma su ne kaji. Dokar ba wuya: ka jefa ɗan lido, ka kora kajinka, wanda ya riga shigar da nasa ya ci. Gobe za ta nuna wasan a kamfanin ƙera wasanni da ya ɗauke ta aikin gwaji, kuma shugabar sashensu ta faɗa mata ƙiri-ƙiri cewa in bai riƙe mutane ba, zamanta ya ƙare.

Da ƙyar ta samu Kaka da Yaya suka zauna. Ba a je ko'ina ba Yaya ya soma hamma, ya zaro waya.

"Auta, wannan wasa ne ko layin asibiti? In jefa, in jira, in sake jira."

Auta ta sunkuyar da kai kamar mai gyara kwalin, a nan ne ta ga yatsun Kaka sun lallaɓa, sun ja murfi ɗaya daga gaban Yaya, sun tura shi ƙarƙashin gefen zane. Fuskar tsohuwar ko gezau.

Da juyi ya zo kansa, Yaya ya ƙura wa kwalin ido.

"Ina jar kazata?"

"Shaho ya ɗauke," in ji Kaka.

"Wane shaho a falo? Shaho mai tabarau?"

"Kai da ka bar kaji kana kiwon waya, wa za ka tuhuma, sarkin hamma?"

Yaya ya kife wayar, ya kewaye kajinsa da hannu, idonsa ƙyam a kan Kaka ko lokacin da ba shi ke jifa ba. Auta ta bi su da kallo. Ashe matsalar ke nan: in ba juyinka ba ne, ba ka da abin yi.

"Na ƙara doka," ta ce a hankali. "Kowa yana iya satar kaza a kowane lokaci."

Kaka ta taɓe baki. "In an ba ni izini kuma ina daɗin? Sai ka ce an zuba mini a kwano."

Auta ta ɗan yi tunani. "To, wanda aka kama hannunsa a kan murfi, zai ba da kaji biyu."

"Yauwa 'yar nan, yanzu kika yi magana."

Aka yi ta dukan hannu da ihu, kofi ya kife, Yaya ya rantse shi ba ya sata alhali murfi na leƙe daga aljihunsa.

Washegari a ɗakin taro, Auta ta bayyana dokokin. Shugabar ta saurara fuska a ɗaure, sannan aka raba murafai aka soma wasa. Can mai zanen hotunan kamfanin ya miƙa hannu a ɓoye wajen kajin shugabar, sai ji aka yi tas! Ta buge hannun.

"Biyu, malam, kawo su!" Ba ta ɗaga ido daga kajinta ba ta ce wa Auta, "Ki nemi kwali mai kauri, da wannan wasan za mu yi aiki watan gobe. Kuma matsa can, ban yarda da hannun nan naki ba."